Shin Lissafi Ƙago Shi Aka Yi, Ko Tarar Da Shi Muka Yi?

  

Yau dai ba zancen kuɗin mota ko na shingayen hanya zan yi ba. Wata tambaya ce da ta daɗe tana yi mini yawo a ka, wadda na san wani in ya ji zai ce lallai yaron nan ya ƙoshi. Tambayar ita ce, shi wannan lissafi da muke yi dare da rana, mutum ne ya zauna ya ƙago shi kamar yadda ya ƙago keke da rediyo, ko kuwa dama can yana nan, tarar da shi kawai muka yi kamar yadda mai haƙar rijiya ke tarar da ruwa? Wato da a ce babu ɗan Adam ko ɗaya a bayan ƙasa, bakwai da biyar za su ci gaba da zama sha biyu, ko kuwa maganar ma ba ta taso ba?

Ba ni na fara wannan tambaya ba. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce Aflatun na ƙasar Girka ya ce lambobi suna da nasu zaman, wanda bai dogara da tunanin kowa ba, kuma har yau manyan farfesoshi suna ja-in-ja a kan maganar. Ni kuwa ɗan mai goro ne a Shagamu, iyakata sakandare, saboda haka da abin da na gani a rumfa da ɗan abin da na karanta zan yi magana.

Duk wanda ya tashi a zango yana da dalilin da zai sa ya ce ƙago lissafi aka yi, don tun yana yaro kunnensa ke jin ƙirge iri-iri. Mu goma-goma muke tafiya, goma, ashirin, talatin. Bayarabe na asali kuwa ashirin-ashirin yake tafiya. Ashirin ita ce ogun, arba'in ogoji, wato ashirin biyu, sittin kuma ogota, ashirin uku. In ya zo hamsin sai ya ce adota, ma'ana sittin a cire goma. To ka ji inda ake yin ta, arba'in da biyar a wurinsa marundinladota ce, wato ashirin uku, a cire goma, a sake cire biyar. Ranar da wata tsohuwa mai kawo wa mahaifina goro daga ƙauye ta warware mini wannan, sai da na ce, "Iya, duk wannan wahala a kan arba'in da biyar?" Ta yi dariya ta ce ita ba ta taɓa jin wahalarsa ba. Da gaskiyarta kuwa, don kafin in gama latsa kalkuleta ta riga ta faɗi kuɗinta. Yaran Yarabawa na yanzu akasarinsu da Turanci suke ƙirga kuɗi, sai a bakin irin waɗannan tsofaffi za ka ji tsohon ƙirgen da daɗinsa.

Kada kuma mu yi musu dariya, don mu ma muna taɓa irin nasu. Ba mu ke cewa ashirin ba ɗaya, ashirin ba biyu ba? Ai cirewa ce. Sannan ashirin, talatin, arba'in, har zuwa casa'in, duk aro ne daga Larabci. Kafin su zo kakanninmu gomiya biyu, gomiya uku suke cewa, suna kuma da hauya a matsayin ashirin. Ibo ma a tsohon ƙirgensu ashirin ce ginshiƙi, suna ce mata ogu, ashirin sau ashirin kuma, wato 400, suna ce mata nnu. 'Yan uwanmu na Nijar da suka yi lakwal za su gaya maka Bafaranshe in zai ce tamanin, cewa yake ashirin huɗu.

In ka koma wajen kuɗi abin ya fi fitowa fili. A zamanin wuri Bahaushe yana da keso, wuri 20,000, Bayarabe kuma yana da oke, shi ma wuri 20,000. Bature ya zo da fam da sule da kwabo, kwabo sha biyu sule guda, sule ashirin fam guda, wato kwabo 240 a cikin fam. Aka yi ta sisi da taro da ahu shekara da shekaru. Ranar 1 ga Janairu, 1973, gwamnatin Gowon ta ce daga yau naira da kwabo, kwabo ɗari naira guda, fam ɗaya naira biyu, sule kuma ya dawo kwabo goma. Shi ya sa har yanzu in dattijo ya ce maka fam goma, naira ashirin yake nufi, in ya ce jaka guda, naira ɗari biyu. Amma fa in mutumin Maraɗi ya ce maka jaka, saifa dubu yake nufi, in ya ce dala ashirin, saifa ɗari. Awo ma haka yake. A Kano tiya da mudu, a Ibadan kongo, a Ikko kuwa derika, wadda asalinta gwangwanin tumatir ne. Mu masu goro in muka ce ƙwarya, goro ɗari ke nan, ko da babu ƙwarya a wurin. Duk waɗannan mutane ne suka zauna suka yanka, kuma gobe in sun ga dama su sauya.

Masu wannan ra'ayi suna kwatanta lissafi da dara. Wani ne ya haƙa gurbi talatin, ya ce kowa ya riƙe 'ya'ya sha biyu, ya ce wanda ya jera uku ya ci. Babu dara a daji, babu ita a sama, kafin mutum ya ƙago ta babu ita. To haka lissafi yake, in ji su, dokoki ne muka gindaya muke bi.

Wannan magana tana da ƙarfi, amma ni a ganina ta tsaya ne a kan sunaye. In mahaifina da waccan tsohuwa suka tsuguna a gaban kwando, shi yana ƙirgawa da Hausa a ransa, ita tana yi da Yarabanci, shi yana haɗawa ita tana cirewa, a wuri guda suke tsayawa. In ba su tsaya wuri guda ba, babu wanda zai ce ai ƙirgen Hausawa ne ya bambanta da na Yarabawa. Juye kwandon za a yi a sake, don kowa ya san ɗayansu ne ya yi tuntuɓe. Marundinladota da arba'in da biyar sauya wa tuwo suna ne kawai, goron da ke cikin kwando bai san da wane yare ake kiransa ba. Ni a nan nake ganin nauyin tambayar a kanmu mu mazauna kudu. Muna zaune cikin mutanen da yarenmu ba ɗaya ba, abincinmu ba ɗaya ba, wani lokaci addini ma ba ɗaya ba, kuma in rigima ta tashi kowa ya san wa ake fara nema. Amma tun zamanin fataken Gwanja ake cinikin goro tsakanin kurmi da Arewa, har da bashi, sau da yawa ba takarda ba sa hannu. Akwai amana, gaskiya ne, amma ita kanta amanar da ƙirge ake gwada ta. Da a ce lissafi mallakar wata ƙabila ne ko wani mai mulki, da baƙo ba ya da abin da zai kafa hujja da shi a kasuwar da ba ta garinsu ba.

Dubi ma wannan canjin kuɗi na 1973 da na ambata. Wani dattijo a zangonmu ya taɓa ce mini shi abin da ya ba shi haushi a lokacin shi ne, da can in 'yan dako uku suka yi aikin sule, kowa ya ɗauki kwabo huɗu a rabu lafiya, in su huɗu ne kowa taro, in su biyu ne kowa sisi. Da sule ya koma kwabo goma, sai ya zama mutum uku in sun raba, kwabo ɗaya ya yi saura a tsaya ana kallon juna. Ka ga ke nan gwamnati tana da ikon ta ce sule kwabo goma ne, ta buga a takarda kowa ya bi, amma ba ta da ikon ta sa goma ta rabu gida uku. An ma taɓa gwada irin wannan a Amurka. Duk wanda ya auna kewayen faifai da zare zai ga ya ninka faɗinsa sau uku da 'yar ɗoriya, wajen 3.14. A 1897 majalisar wakilan jihar Indiyana ta amince da wani ƙuduri da zai mai da wannan adadi 3.2. Sai da wani farfesan lissafi ya je ya wayar wa 'yan majalisar dattawan jihar da kai, sannan suka jingine maganar. Da sun sa hannu ma, faifai ba zai sauya ba.

Abin da ya fi kama hankalina a wannan batu shi ne hatimi. Kowa ya san shi, ko a allon malam ko a bangon wani tsohon littafi. Ba hukuncin amfani da shi nake magana ba, lambobin da ke ciki kawai nake so mu duba. Gida tara ne, uku-uku, a zuba 1 zuwa 9, kowace lamba sau ɗaya. Layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Ka tara a kwance, ka tara a tsaye, ka tara daga kusurwa zuwa kusurwa, duk 15 za ka samu. Mutanen Sin sun san wannan jeri tun kimanin shekara 2,000 da suka wuce, suna ce masa Lo Shu, har suna da tatsuniyar cewa a bayan kunkuru aka fara ganinsa. Indiyawa sun san shi, Larabawa sun san shi, malamanmu sun san shi. Wani zai ce to ai kwaikwayon juna suka yi. Mu ɗauka haka ne. Amma ɗan uwa ɗauki biro ka gwada yin naka wanda ba na kowa ba. Ka ce kai 5 ba za ta zauna a tsakiya ba, 6 za ka sa, ko 4. Za ka kwana kana sharewa.

Ga dalili. In ka tara 1 zuwa 9 za ka samu 45. Layi uku ne a kwance, kuma dole su zo daidai, saboda haka kowane layi 15 ne, babu zaɓi. Layukan da suka ratsa ta gidan tsakiya guda huɗu ne, na kwance ɗaya, na tsaye ɗaya, na kusurwa biyu. Huɗu sau 15 ya ba da 60. To waɗannan layuka huɗu sun taɓa kowane gida sau ɗaya, in ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Wato 60 ita ce 45 da ƙarin lambar tsakiya sau uku. Ka cire 45 daga 60 saura 15, ka raba uku, 5. Da zarar 5 ta zauna, in ka ci gaba da bin sawu za ka ga 2, 4, 6, 8 ba su da wurin zama sai kusurwa. Iyakar abin da za ka iya shi ne ka juya hatimin ko ka kifa shi, ya ba ka fuska takwas, amma shi ɗin ne dai. Mutum ne ya ce bari in zana gida tara, wannan na yarda. Amma da ya zana, sai ya tarar amsa guda ɗaya tak ke jiransa, kuma ba a yi shawara da shi ba. Mai gida huɗu-huɗu kuwa iri 880 ne, wani Bafaranshe mai suna Frénicle ya ƙirga su, aka buga aikin a 1693 bayan rasuwarsa. Na gida biyar-biyar sai a 1973 aka ƙirga su da kwamfuta, aka samu 275,305,224. Kafin wannan shekara babu mahalukin da ya san adadin. To a 1972 nawa ne? Ni dai ban ga yadda za a ce wani adadi ne daban ba.

Kuma a wannan fanni muna da namu. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya tafi aikin hajji, a 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, har gaba. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Masu rubuta tarihin lissafi a ƙasashen waje suna ambatonsa, mu kuwa na gama sakandare ban taɓa jin sunansa a aji ba.

Akwai kuma wasu lambobi da kowane mai kasa kaya ya san halinsu ko da bai san sunansu ba. Goro sha biyu za ka kasa shi biyu-biyu, uku-uku, huɗu-huɗu, shida-shida. Goro sha uku kuwa duk yadda ka yi sai wani ya yi saura, sai dai ka bar shi kashi guda ko ka jera ɗai-ɗai. Haka 2, 3, 5, 7, 11, 17, 19. Ni gagara-rabo nake ce musu. Wajen shekara 300 kafin Annabi Isa (AS) wani masani a Iskandariya ta Masar, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, ya nuna cewa ba su da ƙarshe, kuma hujjarsa ko ɗan firamare zai gane. Ka ce ka tattara su duka. To ka ninka su da juna, ka ƙara ɗaya. Wannan sabuwar lamba duk wadda ka raba ta da ita a cikin jerinka ɗaya zai yi saura. Saboda haka ko dai ita kanta gagara-rabo ce, ko kuwa akwai wata gagara-rabo da ke raba ta wadda ba ta cikin jerinka. Alal misali 2, 3, 5, 7, 11 da 13 in ka ninka su ka ƙara ɗaya za ka samu 30,031, ita kuwa 59 ce sau 509, duka biyun ba sa cikin jerin. Babu wanda ya taɓa ƙirga su har ƙarshe, ba kuma za a taɓa ba, amma mun san da su kamar yadda muka san akwai gari a bayan dutse.

Abin mamaki har ƙwari sun faɗa cikin maganar. A gabashin Amurka akwai wani ƙwaro mai kuka kamar gyare, suna ce masa sikada. Yana zama a ƙarƙashin ƙasa, wani iri shekara 13, wani iri shekara 17, sannan su fito gaba ɗaya su cika gari da ƙara. Wasu masana na ganin hikimar ita ce, da shekara 12 suke yi, duk wani abin da ke cin su mai yawaita bayan shekara biyu, ko uku, ko huɗu, ko shida, zai riƙa cin karo da fitowarsu, 13 da 17 kuwa ba sa haɗa hanya da kowa. A 2024 wasu manyan rukunoni biyu, mai 13 da mai 17, suka fito a shekara ɗaya, rabon da su biyun su haɗu tun 1803. Shekara 221 ke nan, wato 13 sau 17. Ƙwaro dai bai je makaranta ba, kuma yana wannan al'ada tun kafin wani ya lura ya rubuta.

To amma kada in yi lissafin dokin Rano, in kawo abin da ya yi mini daɗi in bar wanda bai yi ba. Wani abokina mai sayar da hatsi ya kawo mini hujjar da ta sa na yi shiru na ɗan lokaci. Ya ce ka auna mudun wake, ka auna mudun gero, ka juye su wuri guda ka gauraya, ka sake aunawa. Ba za su cika mudu biyu ba, don geron zai shige tsakanin waken. Ɗigon ruwa ɗaya in ya haɗu da wani ɗigon, ɗigo ɗaya za ka gani. To ina ɗaya da ɗaya biyun? Ya ƙara da cewa, kai da kake cewa bakwai tana nan, a ina take? Na ga goro bakwai, na ga shanu bakwai, ita bakwai ɗin tsurarta wa ya taɓa ganinta? Amsar da nake da ita a kan ta farko ita ce, ƙwayoyin wake da na gero in da mai haƙurin ƙirga su, ko ɗaya bai ɓata ba. Abin da ya ragu iskar da ke tsakaninsu ce, wadda dama mudu ke aunawa tare da hatsin. Aikinmu ne mu san inda ƙirge ya dace da inda awo ya dace, kuma a nan lallai akwai hannun mutum. Ta biyun kuwa ita ce ta raba kan masana har gobe. Abin da zan ce kawai, zafi ma ba a taɓa ganinsa tsurarsa ba, sai a jikin wuta ko rana, amma babu mai cewa mu muka ƙago shi.

Sifiri da lambobin da ke ƙasa da sifiri su ma kamar ƙirƙira suke. Wa ya taɓa ganin saniya babu, balle shanu uku ƙasa da babu? Masanan Turai sun daɗe suna ƙyamar irin waɗannan lambobi. Amma tun shekara ta 628 wani masani a Indiya mai suna Brahmagupta ya rubuta dokokinsu, kuma da harshen 'yan kasuwa ya yi bayani, ya kira na sama dukiya, na ƙasa bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ake bin dubu biyar, ya samu dubu uku ya biya, kowa ya san inda ya tsaya. Har dokar nan da ta wahalar da mu a aji, wai cirewa sau cirewa tarawa ce, a rumfa ma haka take. In mutum uku kowa yana bin ka dubu, suka taru suka yafe, an cire maka bashi sau uku, ka ƙaru da dubu uku ko da ko kwabo bai shiga aljihunka ba. Ita alamar mutum ne ya zana ta, amma da ya ce bari in sa cirewa sau cirewa ta ba da cirewa, da littafin bashinsa bai taɓa daidaita ba. Ita darar ma da ake kafa hujja da ita haka take, wanda ya kafa dokar bai isa ya hana gwani cin sa ba.

Saura ɓangaren da na san wasu 'yan uwa za su ɗaga gira a kai, wato addini. In muka ce lissafi yana nan ko babu mutum, ba mu ce yana nan ko babu Allah ba. Ni fahimtata ita ce, abin da bai dogara da saninmu ba yana cikin sanin Wanda Ya halicce mu, Shi ne kuma Ya ba mu hankalin da muke tono shi da shi kaɗan-kaɗan. Magabata ma ba su ɗauki lissafi abin wasa ba. A ilimin rabon gado akwai abin da ake kira auli. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan uwa mata biyu shaƙiƙai, ba ɗa ba iyaye. Miji yana da rabi, 'yan uwan suna da kashi biyu cikin uku. A ce ta bar naira 420,000. Rabi 210,000 ne, biyu cikin uku kuma 280,000, jimla 490,000, an zarce dukiyar da 70,000. An ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar (RA) aka fara cin karo da irin wannan mas'ala. Sahabbai ba su ce tunda rabon daga nassi yake, to dole uku da huɗu su zama shida ba. Sai aka ɗaga asalin mas'alar daga shida zuwa bakwai, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa, miji ya samu uku cikin bakwai, 180,000, 'yan uwan huɗu cikin bakwai, 240,000. A kan haka mazhabarmu ta Malikiyya take. Shi ma al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, babban kaso na littafin a kan gado da wasiyya ne. Imam al-Gazali kuwa, wanda ya rasu a 1111, da yake neman misalin ilimin da babu shakka a cikinsa, lissafi ya ɗauko. Ya nuna cewa ko da wani zai mai da sanda maciji a gabansa don ya tabbatar masa uku ta fi goma, zai yi mamakin aikin, amma ba zai sauya ƙirgensa ba. Ya kuma gargaɗi masu ƙaryata irin wannan ilimi da sunan kare addini cewa cutar da addinin suke yi.

Shi ya sa nake jin ciwo in na ji yaranmu na zango suna cewa lissafi abin Bature ne, su kasuwa za su yi. Yaro ne zai raba kuɗin lodin tirela tsakanin mutum bakwai, kowa da yawan huhunsa, ya fitar da la'ada da kuɗin dako da ka, ba biro ba takarda, amma a ba shi wannan tambayar a jarrabawar WAEC da harafin x a ciki sai gumi ya karyo masa. Malaman ma suna da nasu kason, don da yawa dokoki suke jibga mana mu haddace, ba a cewa ga dalili. Su lambobin da muke rubutawa, 1, 2, 3, daga Indiya suka taso, suka bi ta hannun Larabawa kafin su isa Turai, kalmar sifiri ma Larabci ce. Bature shi ma karɓa ya yi ya ƙara nasa, kamar yadda Malam al-Kashinawi ya karɓa ya ƙara. In kuwa ba mu riƙe ba, to kullum sai mun ɗauki ɗan wani ya riƙe mana littafin shago, ya cika mana takardar banki, mu dangwala hannu a kan abin da ba mu duba ba.

Ga ɗan aiki ga mai sha'awa, musamman ɗalibai. A zana gida ashirin da biyar, biyar-biyar, a zuba 1 zuwa 25. Jimlarsu 325 ce, saboda haka kowane layi, a kwance da a tsaye da kusurwa zuwa kusurwa, dole ya ba da 65. Wannan karon ba lallai sai 13 ce a tsakiya ba, amma in ka fara da ita a nan aikin zai fi maka sauƙi. Wanda ya haɗa nasa ya aiko mini in gani, in ya so mu gwada da nawa, da wuya su zo iri ɗaya.